Yadda Za Ka Gano Kuɗin da Ake Cire Maka Wata-Wata, Ka Tsayar da Wanda Ba Ka Amfana da Shi

Tambaya ɗaya masu karatu ke ta maimaitawa, kowa da irin tasa fuskar. Wani ya loda katin dubu ɗaya da safe, kafin la'asar saura ɗari takwas, alhali bai kira kowa ba. Wata alat ya shigo mata da tsakar dare, an cire kuɗi da sunan kamfanin da ba ta taɓa ji ba. Wani kuma ya goge manhaja tun bara, amma har yau wata ba ya wucewa sai an taɓa masa asusu. Tushen kusan ɗaya ne: akwai abin da aka taɓa yi wa rajista, da sani ko cikin rashin sani, yana sabunta kansa, kuma ba zai daina ba sai an koma inda aka ƙulla shi an kwance. Lambobin da ke ƙasa na layukan Najeriya ne. Wanda ke Nijar ko Ghana matakan ba su canja ba, lambobin kamfaninsa kawai zai nema.

1. Tanadi kafin a fara

Ka ajiye wayarka da dukkan layukan da kake amfani da su, har da wanda ke cikin ƙaramar waya ko na'urar intanet ta gida. Ka nemi bayanin shige da ficen asusunka na banki, na wata 12 in zai samu. Na wata uku ba ya isa, domin akwai rajistar da sau ɗaya take cira a shekara, ita ce kuma ta fi zafi idan ta zo. Yawancin bankuna suna turo wannan bayani ta imel daga manhajarsu ba tare da caji ba, amma idan ka je reshe aka buga maka a takarda, kowane shafi da kuɗinsa. Idan kana da asusu a OPay, PalmPay, Moniepoint ko Kuda, su ma ka fitar da nasu.

Sai takarda da biro. Ka ja layi shida: sunan abin, nawa ne, bayan kwana nawa ake cira, daga ina ake cira, ranar sabuntawa ta gaba, da ranar da ka yi amfani da shi na ƙarshe. Kada ka soke komai tukuna. Wanda ya fara soke-soke kafin ya gama lissafi yakan rufe abin da yake bukata, ya bar wanda ke cin kuɗin.

2. Fara da layin waya

A nan ne kuɗin mafi yawan mutane ke zurarewa, saboda cirar ƙanana ce, ba ta zuwa da alat na banki. Waƙar da mai kiranka ke ji, sakamakon ƙwallo, labaran yau da kullum, wasannin waya, gasar cin kyauta, duk daga katin da ka loda ake zaftare su. A ce naira 50 ake cira kullum. A wata ya zama 1,500, a shekara 18,250, a kan layi ɗaya.

Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya a MTN da Airtel da Glo da 9mobile (wadda ta canja suna zuwa T2 a 2025). Ka danna *310# ka rubuta kuɗin da ke kan layin. Sannan ka danna *305#, wadda ita ce lambar dubawa da tsayar da irin waɗannan ƙananan hidimomi. Jeri zai fito, ka zaɓi ganin waɗanda ke aiki a layinka, ka rubuta su a takarda, su kam ba sai ka jira ƙarshen lissafi ba, ka tsayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka jira saƙon tabbaci ya shigo, kuma kada ka goge saƙon. Idan jerin ya ƙi fitowa ko ya ce babu komai alhali kuɗi na raguwa, ka kira 300, ka ce a karanto maka duk hidimar da ke kan layin a kuma cire ta, ka karɓi lambar ƙorafi kafin ka ajiye waya.

Bayan haka ka tura STOP zuwa 2442, domin rufe saƙonnin talla. Gargaɗi a nan: wannan lamba talla take tarewa, ba ta soke rajistar da ta riga ta hau layin. Mutane da yawa suna tsayawa a 2442 su ɗauka sun gama, washegari a sake cirewa. Sai an yi duka biyun.

Yadda abin ke hawa layi kuwa, sau da yawa wani ɗan akwati ne ke faɗowa a fuskar waya yana tambaya, mutum na sauri ya danna amincewa don ya kawar da shi. Wani lokaci yaro ne aka ba wayar ya yi wasa. Idan irin wannan akwati ya fito, maɓallin fasawa za ka danna, ko ka koma baya. Ka nuna wa iyaye da tsofaffin gida wannan, ka kuma duba musu layukansu, domin su ne aka fi daɗewa ana cirar musu ba su sani ba.

3. Datar da ke sabunta kanta

Lokacin sayen data ta *312#, ana tambaya ko sau ɗaya kake so ko ta riƙa sabuntawa. Wanda ya taɓa zaɓar sabuntawa a ƙaramin kunshi na yini ɗaya, duk sanda ya sa kati sai a cire kuɗin wannan kunshin, ko da yana da wata datar ta wata guda a ajiye. Ka shiga *312# ko manhajar kamfanin, ka nemi inda ake kashe sabuntawa, ka kashe ta a kan duk kunshin da ba shi ne babban da kake dogaro da shi ba. Da *323# ake ganin ragowar data da ranar ƙarewarta.

Ba kowace sabuntawa ce asara ba. Idan duk wata kunshi ɗaya kake saye, barin ta ya fi, domin sau da yawa ragowar data tana bin sabuwar idan an sabunta a kan kari. Abin dubawa shi ne girman kunshin. Ka duba wata uku a jere: idan kullum data na saura da yawa, ka sauka mataki ɗaya. Idan kuma kullum tana ƙarewa a mako na uku kana ciko da ƙanana masu tsada, ka hau mataki ɗaya, zai fi sauƙi. Tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kunshin da ka saba da shi wataƙila ba shi ne mafi dacewa ba yanzu.

4. Bi bayanin banki layi-layi

Ka ɗauki biro ka yi alama a duk cirar da ta maimaitu da adadi ɗaya, ko a rana ɗaya ta wata. Ka lura sunan da ke fitowa ba lallai ya zama sunan abin da ka sani ba. Manhajar da aka biya ta hannun Google sunan Google ne zai fito a gaba, ta iPhone kuma sunan Apple, kamfanonin gida da yawa kuwa sunan mai karɓar musu kuɗi ne zai bayyana, kamar Paystack ko Flutterwave. Idan ka ga cirar da ba ka gane ba, ka buɗe imel ɗinka ka nemi saƙon da ya shigo a wannan ranar, rasit yana nan galibi.

Abin da ake biya da dala adadinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya a naira. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, rajistar dala goma da mutum ya ƙulla a baya ta ninka a aljihunsa ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Akwai kuma wani tarko: bankuna da dama sun rufe biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira a 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025. Idan katinka na nan a ajiye a wani shafi, rajistar da ka ɗauka ta mutu tana iya farfaɗowa.

Za ka ga cirar bankin kansa: kuɗin kula da kati, kuɗin saƙon alat da sauransu. Na alat shi ne za ka iya taɓawa. Bankuna da yawa sun mayar da shi naira 6 kowane saƙo a 2025, don haka ɗan kasuwar da ke samun alat 300 a wata yana biyan 1,800. Ana iya cike takarda a banki a koma sanarwar imel da ta manhaja. Amma wanda ba ya buɗe imel kullum, ko datarsa na yawan yankewa, shawarata ya bar alat ɗinsa. Saƙon nan shi ne ke fara sanar da kai idan ɓarawo ya shiga asusu, naira shida ba ta kai wannan ba.

Gargaɗi: idan ka ga cirar da ta shafi biyan bashi, inshora ko ajiyar da ka tsara da kanka, kada ka sa ta cikin jerin sokewa. Tsayar da umarnin cirar bashi ba ya sauke bashin, tara kawai yake jawowa da ɓata suna a wajen masu ba da lamuni.

5. Duba cikin Google da Apple

A wayar Android ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama ta dama, ka shiga "Payments & subscriptions", sannan "Subscriptions". A iPhone ka buɗe Settings, ka taɓa sunanka a can sama, ka shiga "Subscriptions". Duk abin da ke sabunta kansa ta hannunsu yana nan, da farashinsa da ranar cira ta gaba. Idan kana da Gmail fiye da ɗaya, ka duba kowanne daban. Tsohon imel ɗin da wani ya buɗe maka a shagon waya shekarun baya ma ka duba shi, domin rajista tana manne da imel ɗin da aka yi ta da shi, ba da wayar ba.

Goge manhaja daga waya ba ya soke komai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa.

6. Yanke hukunci

Yanzu takardarka ta cika. Kowane abu ka mayar da kuɗinsa na shekara, ka ninka na wata sau 12. Dubu biyu da ɗari biyar a wata ba ta ɗaga hankali, amma dubu talatin a shekara tana sa mutum ya sake tunani. Sai ka dubi layin ƙarshe na takardar. Abin da ka yi wata guda cur ba ka buɗe ba, soke shi. Idan ka bukace shi daga baya, komawa ba ta fi minti biyu ba, kamfanin ma murna zai yi. Abin da aikinsa ɗaya da wani, kamar manhajojin kallo biyu ko na sauraro biyu, ka bar ɗaya. Mai son duka yana iya yi musu karɓa-karɓa, wannan watan wannan, wata mai zuwa wancan, tunda ido biyu ba sa kallon fim biyu lokaci guda.

Biyan shekara gaba ɗaya yakan fi araha a lissafi, amma sai ga abin da ka riga ka yi wata shida kana amfani da shi ba fashi. Sabon abu a fara shi wata-wata.

7. Sokewa daidai

Ƙa'idar ita ce a soke a inda aka ƙulla. Abin da aka biya ta Play Store, a can ake soke shi, ko da manhajar tana da nata shafin. Abin da aka sa wa lambar kati kai tsaye a shafin kamfani, kamar yadda aka fi yi da Netflix ko Spotify, sai an shiga asusun a shafinsu. Za su yi ta tambayarka dalili, su yi tayin rangwame, su ɓoye maɓallin a ƙasa da ƙananan haruffa. Ka ci gaba da dannawa har sai ka ga an rubuta ranar da hidimar za ta ƙare. Ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka tabbatar saƙon tabbaci ya shigo imel. Idan babu ɗayan biyun nan, ba a soke ba.

Ba sai ka jira ranar ƙarshe ba. A yawancin hidimomi, idan ka soke yau za ka ci gaba da amfani har kwanakin da ka biya su cika. Inda ya bambanta shi ne gwajin kyauta: wasu suna yankewa nan take da zarar ka soke. Apple kuma yana so a soke gwaji aƙalla awa 24 kafin ya ƙare, in ba haka ba kuɗin ya fita. Wasu, irin su YouTube Premium, suna da zaɓin dakatarwa na ɗan lokaci, ya dace da mai tafiya ko ɗalibi lokacin jarrabawa, sai dai ka tuna da kansa zai dawo idan wa'adin ya cika.

Wurin ajiya na intanet yana bukatar kulawa ta musamman. Google yana ba da 15GB kyauta, Apple 5GB. Idan kayanka sun haura wannan ka soke ƙarin da kake biya, Gmail ɗinka zai daina karɓa da tura saƙo har sai ka rage kaya. Don haka ka fara sauke hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta ko wata ma'ajiya, ka goge su daga can, sannan ka soke. Ka duba ajiyar WhatsApp ma, domin yanzu ana lissafa ta cikin 15GB ɗin nan a Android, kuma bidiyoyin zauruka su ne ke cika ta. Cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa kaɗai yakan isa mutum ya sauko ƙasa da iyaka. Mai sana'a da ke da shafin intanet kuma kada ya bar kuɗin sunan shafin ya wuce, domin idan ya faɗi wani na iya saye.

Kada ka dogara da kwashe kuɗi daga asusu a matsayin sokewa. Kamfanin zai yi ta gwadawa na kwanaki, ranar da albashi ko kuɗin ciniki ya shigo sai ya cira. Rufe kati mataki ne na gaggawa idan an sace bayanansa, ba hanyar rabuwa da rajista ba ce.

8. Dikoda

DStv da GOtv da StarTimes yawanci kai ne ke biya da hannunka, don haka asarar ba ta cira a ɓoye ba ce, ta biyan kunshin da ya fi ƙarfin kallon gidan ce. A farashin da aka sanya a Maris 2025, Compact na DStv naira 19,000 ne, Confam 11,000. Bambancin 8,000 ne a wata. Gidan da ƙwallon Ingila ce ta sa ake biyan babba, gasar tana ƙarewa a Mayu ta dawo a Agusta, watannin Yuni da Yuli ba dalilin biyan wannan kuɗi sai in akwai wata gasar da ake bi. Ka zauna da mutanen gida a lissafa tashoshin da ake kunnawa da gaske. Sau da yawa ba su wuce biyar ba, wasunsu ma suna cikin ƙaramin kunshi.

Gargaɗi: idan za ka sauka, ka fara canja kunshin a manhajar kamfanin ko wajen wakilinsu, kusa da ƙarewar wanda kake kai, sannan ka biya. Idan ka tura kuɗin ƙarami alhali asusun na kan babba, kuɗin zai iya zama a ajiye tashoshi su ƙi buɗewa. Kwanaki kuma suna tafiya ko akwai wuta ko babu. Unguwar da taransifoma ta lalace, a jinkirta biya har a gyara. StarTimes na da biyan yini da na mako, wanda ya fi dacewa da mai kallo jefi-jefi.

9. Neman a dawo da kuɗi

Idan cirar ba ta daɗe ba, akwai dama. Google yakan duba bukatar mayar da kuɗi idan an nema cikin awa 48, bayan haka sai dai a tuntuɓi mai manhajar. Apple na da shafin reportaproblem.apple.com. Babu tabbacin za a biya, amma sauri na taimakawa.

Cirar da aka yi bayan ka soke, a nan hoton da ka ɗauka zai yi aiki. Ka fara rubuta wa kamfanin. In ba su amsa ba ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, da rana da adadi da hoton, ka karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana iya kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. Na layin waya kuwa, bayan 300 sai 622, layin NCC na kyauta, za su tambayi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka.

Duk wanda ya kira ka ya ce zai taimaka a soke maka cira ko a dawo da kuɗi, ya nemi lambar sirrin kati, lambobi ukun bayan kati, ko lambar da aka turo maka ta tes, ɗan damfara ne. Ka kashe wayar.

10. Toshe ƙofa

Ka ware asusu ɗaya ko kati ɗaya na biyan irin waɗannan abubuwa, wanda ba shi ne albashi ko kuɗin jari ke shiga ba. Kowane wata ka tura masa daidai jimillar abin da ka amince ka biya. Ka cire babban katinka daga Play Store da sauran shafukan da ka taɓa ajiye shi. A cikin saitin Play Store ka kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye, musamman wayar da yara ke taɓawa.

Gwajin kyauta da ya nemi lambar kati, ka sa ƙararrawar tuni a waya kwana biyu kafin ya ƙare, tun a lokacin da kake rajistar. Rajistar shekara kuma tunin ya zo mako guda kafin ranar.

Idan mutanen gida da yawa na biyan abu ɗaya kowa daban, tsarin iyali ya fi sauƙi: Spotify na ɗaukar mutum shida masu zama a gida ɗaya, Google One kuma, wato ƙarin wurin ajiya na Google, ana raba shi da mutum biyar. A bar biyan a hannun mutum ɗaya, sauran su riƙa tura masa kasonsu kafin ranar cira. Masu tallan gurbi a asusun da ba ka san mai shi ba, da araha a kafafen sada zumunta, a guje su, ana iya rufe asusun gobe kuma babu wanda za ka kama.

Mako guda bayan kammalawa, ka danna *310# da dare ka sake dannawa da safe ba tare da ka yi kira ba, adadin ya zama ɗaya. A ƙarshen wata ka buɗe bayanin banki ka gwada shi da takardarka, duk sunan da ka soke kada ya sake fitowa. Daga nan sai ka riƙa maimaita mataki na 2 da na 4 da na 5 duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da ka canja waya, ka karɓi sabon kati, ko kamfani ya turo sanarwar ƙarin farashi.